Saiwoyin China da Ciwon Inna

Yaya Hafiza,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya jikin Baba? Ni ƙalau nake, sai 'yar gajiyar aiki.

Likita ta ce hantata ta yi tabo. Wai tun haihuwa wata ƙwayar cuta ke cin ta a hankali, inda ya warke sai ya taurare. Ta tambayi abin da ya kashe Inna. Na ce sammu, yadda kuka gaya min. Amma na tuna kumburin cikinta.

Maƙwabcina Alhaji Ma'aruf ya kawo min saiwoyin China daga wani wuri da ake kira Gate City, ya rantse suna wanke hanta. Ban sha ba. Mai maganin Inna ma ai ya rantse.

Likita ta ce ana iya ɗaukar cutar daga uwa wurin haihuwa. Don Allah ki je a gwada jininki, da na yara.

Ƙaninki,
Sadiq