Rigar Auta Tana Rataye a Ƙusa

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da yara, Dogo da Fara da Autar da har yau ba mu taɓa ɗora ido a kanta ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, Baba yana shago, akuyar nan mai cin sabulu ta haihu. Kaka kuwa, matata ta kaina, tana nan da bakinta, sai dai yanar idon ta ƙaru. Yanzu ni ke zura mata zare a allura, tana zagina wai hannuna na rawa kamar na ɓarawo.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Duk sanda na kira ka sai ka ce kana wurin aiki, za ka kira ni, kuma har yau wayata ba ta yi ƙara ba. Takarda dai ba a katse ta. Ka yi haƙuri da rubutun, a allo na yi karatuna, amma abin da ke cina ba sai da boko ake faɗinsa ba.

Kawu, ba ka kyauta ba. Na san ba a faɗa wa babba haka, na kuma faɗa. Tun da damina ka ce wa Kaka bana da kai da yara za a yi Kirsimeti a gida. Ka san yadda take da ranar nan. Mu da Inna ta haifa Musulmi ne, amma babu shekarar da ba ta ɗinka mana riga ba, kuma ni ke riƙe mata hannu har ƙofar coci, in zauna wurin mai gyaran takalmi ina jiran a tashi. Ka kuma san ba ta awo da igiyar tela. Da safiyar ranar take tsayar da jika a gabanta, ta shafa shi daga kai har ƙafa, ta yanki ƙyalle daidai tsawonsa ta rataye a ƙusar bayan ƙofar ɗakin ɗinki, da shi za ta yi rigar baɗi. Ƙyallen Dogo da na Fara suna nan yadda kuka bar su, gajeru, sun yi ƙura. Kowace shekara sai ta ƙara ɗani guda na hannunta da ka, ta ce ai yanzu sun kai nan. Auta ko ƙyalle ba ta da shi. Rigarta daga zuciya ta yanko ta, shuɗiya mai fararen furanni, ta yi makonni tana laluben keken, ta soki yatsa har ba na iya ƙirgawa. Da bakinta ta ce wannan ne ɗinkinta na ƙarshe, idon ya ƙi.

Sai ana jibi biki ka kira Inna, ba Kaka ba, ka ce aiki ya riƙe ka, wai kada a gaya mata sai an ci an sha. Ka aiko direba da bishiyar roba mai fitilu. Kawu, bishiya! Tsohuwar da ba ta bambance ni da tulun ruwa sai na yi magana, ita ka aiko wa abin kallo. Ka kuma ce za ka nuna mata yaran a waya. Da me za ta gan su? Da hannu take gani, gilashin waya kuwa ba shi da kumatu.

Inna ta zauna tana kuka a kicin. Ni kuma ka san hali. Akwai mai burodin da ya tare a layinmu bana, ɗan cocinsu Kaka ne, matarsa ta rasu, yana da yaro da yarinya kusan sa'o'in naka. Aikin biki ya sha masa kai, ko rigar yaran bai samu ya yi ba. Na je na ce ya ara mini su na yini ɗaya. Ya dube ni kamar mahaukaci, da na yi masa bayani sai ya ce in kai su. Na koya musu su rage magana, in ta kama dole su yi ta da hanci kamar mutanen nesa, su kuma ce abincin jirgi ba daɗi.

Da safe na shigo da su ina ihu wai ga baƙi. Na ce kai da matarka da Auta kuna tafe a baya, kaya ne suka tsayar da ku. Kaka ta taso har tana ture kujera. Ta kama yaron ta shafa kansa, ta sauko kan kunnuwansa, sai hannunta ya tsaya. Ta shinshina wuyansa, ta ce ashe a garin ɗanta da garin fulawa ake wanka. Daga nan sai ta rangaɗa guɗa, ta rungume su, ta ce a ɗauko riguna. Wandon Dogo ya yi wa yaron tsawo, ta durƙusa ta naɗe masa da kanta. Yarinyar ta manta da hancin da na koya mata, ta yi ta juyi a tsakar gida tana cewa a dube ta.

Ban taɓa ganin Kaka kamar ranar ba. Ta ƙi hannuna, wai ta yi sababbin 'yan jagora, tsohon miji ya koma gefe. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, haka suka shiga coci. Kowa a wurin ya san 'ya'yan mai burodi ne, amma da ta ce ga jikokinta, babu wanda ya yi tari. Daga waje ina jin muryarta ta fi ta kowa a waƙa. Da aka dawo ta zaunar da su a kan cinyarta, ƙatti da su, tana yaga musu kaza tana ba su a baki. Uban ya zo da yamma da gari a gira, ya ga 'ya'yansa cikin sababbin kaya, ya juya ya fuskanci bango. Bishiyarka kuwa akuya ta gwada ganye ɗaya ta tofar.

Ina ta murna dabarata ta ci. Da baƙi suka watse sai ta kira ni ɗakin ɗinki, ta kama kunnena ta murɗe. Ta ce in ji da kyau, duk jininta kunnuwansu a tsaye suke kamar nawa, na yaran nan kuwa a kwance, tun taɓawar farko ta gane. Ta ce ba ta tona ni ba ne saboda yaran sun zo da yunwar kaka, ita kuma tana da yunwar jika. Ta sa na kira su, ta auna su, ta yanka musu ƙyalle ta rataye a ƙusa kusa da na 'ya'yanka. Ba ta zage ka ba, Kawu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ta zage ka da na huce. Tambaya ɗaya ta yi, wai ko kunnen Auta a tsaye yake. Ni ma ban sani ba.

Shuɗiyar rigar tana nan a rataye, ta hana kowa taɓawa. Ta ce ta bar kalmasa mai faɗin ɗani guda a ƙasa, za a iya warwarewa sau ɗaya idan yarinyar ta ƙara tsawo. Bayan wannan babu sauran yadi a ciki, kuma babu idon da zai ɗinka wata. Yara ba sa jiran hutun ubansu kafin su yi tsawo. Kada ka jira wata Kirsimetin, kada kuma ka aiko da awo a takarda, ba za ta karɓa ba. Ka kawo yarinyar ta shafa ta. In ka ƙi, wallahi gadonka na ɗakin waje zan ba mai burodi, tunda shi ya san hanyar gidan.

Inna tana gaishe ka, duk da ta ce ba ta gaishe ka. Baba yana gaisuwa. Ka gaishe da matarka, ka ja wa Dogo da Fara kunne ka ce daga ni ne. Auta kuwa ka duba nata kunnen, ka zo da amsar da ƙafarka.

Naka, ɗan yayarka,
wanda Kaka ke kira Mijin Wahala.