Ban Ɗago Kai Ba

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida da yara, ya zaman Ikko? Mu nan lafiya lau.

Na yi abin kunya a asibitinmu na Safana. An koya mana mu dubi ciwo, ba fuska ba. Wata tsohuwa ta tsaya gabana, kaina na kan kati, na ce, "Suna?" Ta gaishe ni maimakon ta faɗi sunan. Na daka mata tsawa. Sai ta ce, "Ɗan nan, ko muryata ka manta?"

Inna Jumma ce, wadda ta shayar da ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Daga Wagini ta tako. Ta karɓi magani, ta ajiye mini man shanu, ta tafi.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Gobe zan je rugarsu, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ƙaninki,
Sule