Jar Fitilar da Ta Katse Maganar Mama Odessa

Daga: Teodora Winslow,
Ɗalibar aikin jinya, ajin yamma,
Kwalejin Bakin Kogi,
Birnin Wexford Bay.

9 ga Disamba, 2019.

Zuwa ga: Mai girma Dakta Harlan Voss,
Shugaban Hukumar Amintattu,
Kwalejojin Al'umma na Birnin Wexford Bay.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Ƙorafi kan ɗauke sashen aikin jinya daga Kwalejin Bakin Kogi, da katse Malama Odessa Pruitt a zaman Hukuma na 14 ga Nuwamba, 2019

Ina miƙa gaisuwar ƙarama ga manyanta, gare ka da sauran membobin Hukuma. Ban taɓa rubuta wa wani jami'i takarda ba, saboda haka a gafarce ni in alƙalamina ya zame. Ba don kaina na rubuta ba. Ni yarinya ce, duk inda aka kai ajinmu zan bi. Na rubuta ne saboda abokiyar karatuna, Malama Odessa Pruitt, wadda duk ajinmu ke kira Mama Odessa. Shekarunta hamsin da shida, ita ke dafa abincin yara a wata makarantar firamare, kuma zangon karatu ɗaya tak ya rage mata ta zama ma'aikaciyar jinya. Ga ƙorafina:

1. Na karanta tarihin kwalejojin nan biyar a laburarenmu, na karanta shi da so, kamar labarin danginmu. A 1934 aka fara su, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata makarantar sakandare, domin masu dako a tashar jiragen ruwa da ma'aikatan mayanka su yi karatu bayan tashi daga aiki. Takardar kafuwarsu ta ce kowace unguwa ta sami ƙofar da mutum zai isa da ƙafarsa. Ta wannan ƙofa mahaifin Mama Odessa ya shiga yana ɗan dako, ya fito yana mai walda. Shawarar da Hukuma ta yanke, ta mayar da aikin jinya duka Kwalejin Kan Tudu daga watan Janairu, ta saɓa wa wannan alkawari.

2. Magajin gari ne ke naɗa ku, ku bakwai. Wakilinmu na ɗalibai yana da kujera, amma ba a ƙirga ƙuri'arsa. Abin da ya rage mana shi ne bakinmu. Duk da haka an kira zaman da safiyar ranar aiki, aka kuma cusa batunmu cikin ƙunshin ƙananan batutuwan da ake amincewa da su a ƙuri'a ɗaya ba muhawara. Na duba da idona: makomar ajinmu tana tsakanin sayen gishirin narkar da ƙanƙarar kan hanya da gyaran rufin ɗakin wasanni.

3. Ƙa'idar Hukuma ita ce kowane mai magana minti biyu gare shi, da fitila a gabansa; in ta yi ja, a kashe makirfo. Mama Odessa ta roƙi hutun yini a wurin aiki, ta sa hularta ta zuwa coci. A cikin bas na ja mata kunne, na ce, "Mama, minti biyu ne fa. Ki faɗa musu abin da ya kawo ki kawai." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, a gidan wa aka raine ki? In tsaya gaban manya in buɗe baki da bani-bani? Uwata sai ta tashi daga kabari ta mare ni." A cocinsu, mai neman abu yakan fara da gode wa Ubangiji, ya gaida shugabanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi buƙatarsa. Haka ta yi. Ta haddace sunayenku duka bakwai, ta kira kowa da muƙaminsa. Ta gode wa kwalejin da ta koya wa mahaifinta sana'a. Tana cewa, "To, abin da ya kawo ni gabanku," fitilar ta yi ja. Muna ganin leɓɓanta suna motsi, ba ma jin komai. Magatakarda ya ce, "Mun gode, Malama. Na gaba." Ta ɗan rusuna muku, ta dawo ta zauna kusa da ni. Ban ce wani ya yi mata wulaƙanci da gangan ba, ranka ya daɗe. Na ce dai kalma ɗaya daga bakinka da ta isa a sake kunna mata makirfo.

4. Rahoton zaman da aka fitar ranar 25 ga Nuwamba ya rubuta kamar haka: "Malama O. Pruitt ta yi wa Hukuma godiya." Wanda ya karanta nan gaba zai ɗauka ta zo ne ta yaba da shawarar. Da na karanta mata, sai ta ce, "Ai ba su yi ƙarya ba, na gode musu." Ni ce na yi kukan.

5. Ga abin da ta zo faɗa. Mijinta, Malam Clement, ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu ke nan. Tana tashi daga ɗakin girki ta biya gida ta juya shi, ta ba shi magani da abinci, sannan ta tako zuwa Bakin Kogi. Kan Tudu kuwa sai an hau bas biyu da jirgin ƙasa. In ta biya gida, za ta tarar an rufe ƙofar ajin gwaji, kuma dokar sashen ita ce mai yawan makara a sallame shi. In ba ta biya ba, ya wuni a kwance kan gefe ɗaya. Wajen jinyarsa ta fara sha'awar aikin nan, ranka ya daɗe, yanzu kuma an ce ta zaɓa tsakaninsa da aikin. Ba ita kaɗai ba ce a ajinmu, amma ita ce ta fi kusa da gamawa. A hanyarmu ta komawa gida ranar zaman ta so ta ba ni dariya, ta taɓa hularta ta ce, "Kin ga wannan? Ita kaɗai ta yi abin da ya kawo ta yau."

Saboda haka ina roƙon Hukuma, cikin ladabi:

a) Ta bar ɗaliban zangon ƙarshe su kammala a Kwalejin Bakin Kogi. Malamarmu da kayan aikinmu suna nan har yanzu.

b) Ta ciro batun daga ƙunshi, ta saka shi shi kaɗai a zaman 12 ga Disamba, a kuma bar Malama Pruitt ta kai ƙarshen maganarta.

c) Ta gyara rahoton 14 ga Nuwamba ya nuna an katse ta.

Ranar 20 ga Disamba za a rufe rajistar sabon zango, kuma Mama Odessa ba ta yi ba. Jiya bayan coci ta zo gidanmu da littattafanta duka cikin kwali. Ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Ɗauki, 'yata, ke za su yi wa amfani." Na ce aro ne. Ta ce in kira shi duk abin da na ga dama. Kwalin yana nan ƙarƙashin gadona, ban buɗe shi ba, kuma ba zan buɗe ba sai na ji amsarka.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Taka cikin girmamawa da biyayya,

Teodora Winslow