Igiyar Kolo a Yatsan Ƙafata

Magariya, 14 ga Maris 1978

Zuwa ga ƙanena Sha'ibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da karatu a can Faransa. Allah ya ƙara maka basira, ya maido mana da kai lafiya. Inna ta warware daga ciwon gwiwa, har ta koma faɗa da awakin maƙwabta.

Wasiƙarka ta same ni a lokacin da na gama fid da rai. Tun da injin ɓarar gyaɗa ya cinye mini hannun hagu, mashin ɗin rubutu ya gagare ni. Ka san babban baƙi da lamba ba sa fitowa sai hannu ɗaya ya danne, ɗaya ya buga. Shugaban bironmu, ma'aikatar da nake aiki, ya ba ni wata guda, ya ce in ban koma saurina na da ba, wani zai hau kujerar. Wallahi na ji tsoro, shekara goma sha ɗaya ban san wata sana'a ba.

Sai ga zanen da ka aiko na mutumin da ka gani yana sarrafa odinatar, na'urar lissafin nan taku, da abin takawa da ƙafa. Na kai wa Tsoho maƙeri. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce ya ga waya, amma ina lantarkin? Duk da haka ya ƙera mini wani ƙarfe mai nauyin galma, takawa ɗaya mashin ya kusa kifewa. Kolo masaƙi, da ya zo kallo kawai, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi shekara arba'in da yatsun ƙafa yake jan zarensa, bai taɓa neman lantarki ba. Ya kwance igiya daga masaƙarsa, ya ɗaure ta a madannin babban baƙi, ya zura ta ƙarƙashin tebur, ya yi mata hanci ya rataya mini a babban yatsan ƙafa. Kwana tara ina zama a gefensa yana koya mini ja da saki, yana ce mini ƙafata ba ta da kai.

Ran Litinin shugaban ya gwada ni. Ya ga na tuɓe takalmi a biro, ya ɓata fuska. Da ya karanta shafin, sai ya leƙa ƙarƙashin tebur ya daɗe yana kallo, ya ce in ci gaba da aikina. Na fita waje na yi kuka, ban ji kunya ba.

Na gode, Sha'ibu, na gode. Inna da Indo da Baffa na Kwaya suna gaishe ka. Kolo ya ce ka faɗa wa Turawan su zo ya koya musu.

Ka duba sunanka a saman takardar nan. Babban baƙin farkonsa, da ƙafa na buga shi.

Yayanka,
Hambali