Sun Karɓe Sunan da Muke Kiransa da Shi

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Dudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ina nan unguwarmu Majidaɗi, ƙafa ta ƙi, ido ma yana ja da baya. Yawanci a gindin mangwaro nake wuni ina gyangyaɗi, har in ji kamar motsinki a madafi.

Labarin ɗanmu na fari na kawo miki. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ya zauna a kansa. An same shi da yi wa kotu ƙarya a shari'ar wani fili, an kuma gano ya daɗe yana ɓoye samunsa don kada ya biya haraji. Sun cire shi daga aikin. Na sa an karanta mini hukuncin, ban ga inda aka zalunce shi ba.

Kin tuna ranar da ya dawo da baƙar riga da farar hular nan tasu? Kika jujjuya hular kika ce, "Yaro ƙarami za a ɗora wa furfura?" Sannan kika turara rigar, ya yi ta shiga kotu da ƙamshin ɗakinki.

Da ni da ke ba mu taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. Yana ƙarami "kai" muke cewa, ko "wancan". Da ya zama Barista muka samu sauƙi. Har a Kasuwar Jalingo sai ki ce wa mai kayan miya, "Barista ba ya son yaji," don dai ki ji daɗin faɗa.

Tun da abin ya faru bai tako garin nan ba. In na kira waya sai ya ɗauka ya yi shiru, ni ma in yi shiru. In na ce Barista kamar gori ne, kuma ba ni da wani sunan. Jikina ya soma ba ni labari, Dudu. Ina tsoron in iso wurinki ban gan shi ba.

Shekaranjiya da hantsi na sake kira. Ina jin numfashinsa, irin na lokacin da yake barci a bayanki. Sai na ce, Usmanu. Da ƙyar sunan ya fito. Na ce masa ya sauke hakkin da ke kansa, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, amma ya zo gida.

Can ya tambaya ko ɗakinsa na yoyo har yanzu. Na ce yana yi. Ya ce to, kada in kira kafinta, shi zai hau ya duba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya shiryi yaron nan, ya ara mini kwana in ji sallamarsa a zaure. Amin.

Naki har mu sadu,
Malam Buba