Hancin Motar Ba Naka Ba Ne, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Mansur. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙaninka mai canza taya a Longsight ta Manchester.

Jiya na je Birmingham. Anti Bilki ta fita takabarka, za su koma Kano da Hanan. Na ce kafin su tafi sai yarinyar ta ga aikin hannun ubanta, tunda an kawo motar tseren nan taku mai kujera ɗaya wurin baje koli.

Ka tuna yadda kake zana min ita a jikin kwali? Kai ne a kan aikin hancinta, wato tsinin gabanta. Baƙin yadi kuke shimfiɗawa falle-falle, ku gasa a tanda har ya fi ƙarfe tauri. Na ce irin wannan wahala ai abin zai kai jikoki. Ka yi dariya ka ce, "Nura, don ya fashe muke yin sa."

Motar ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Farkon shekara tana cin tayar baya, aka sake mata fiffike, ta fara kamo na gaba. Sai ranar ruwan saman nan ta ƙwace wa direba ta daki bango.

Jiya ina tsayawa gabanta na gane. Hancin ba naka ba ne, Yaya. Ya fi faɗi, fentin ma bai zo ɗaya da jikin ba. Na tsuguna na leƙa, ko inji babu.

Hanan ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton da za ta nuna a Kano. Da Turancinta na unguwarku Small Heath ta tambaye ni ko wannan ne Abba ya yi. Wallahi na so in ce e.

Na faɗa mata gaskiya. Na ce naka ya farfashe, an share shi da tsintsiya, amma shi ya shanye bugun, direban ya fito da ƙafarsa. Ta mayar da wayar aljihu.

Sai da bas ta hau Stratford Road ta tambaye ni me ya sa ba ka sa irinsa a motarka ba, ranar da ka yi hatsari a hanyar zuwa Manchester wurina.

Na riƙe hannunta har muka sauka.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya raya mana Hanan.

Ƙaninka,
Nura