Kada a Taɓa Ɗakin Inna

Unguwar Matar Ƙadim, Doha.

Zuwa ga Yayana Zulkiflu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, Ya ƙara wa Inna sauƙi da nisan kwana. Na ji matarka Anti Sahadatu ta sauka lafiya an samu Firdausi, Allah Ya raya ta, Ya sa kada ta ɗauko taurin kan babanta. Ni ma ina nan ƙalau, karatu ya zo gangara, sai dai zafin garin nan da ba a sabawa da shi.

Yaya, na karanta takardun tallafin da ka turo mini, har sau biyu. Gidauniyar da ke ba da tallafin za ta biya rabin kuɗin gyaran gida gaba ɗaya, wato sola da silin da tagogi da fankoki marasa shan wuta, in dai mun kawo ɗaya rabin. A lissafinka miliyan shida ne, uku a kanmu. Na ji daɗi ƙwarai, kuma abin da na tara daga alawus ɗin karatu zan turo, zai kai miliyan ɗaya da rabi. Layi ɗaya ne kawai ya tsaya mini a rai, inda ka rubuta a rushe ɗakin ƙasa na Inna a gina na bulo kafin masu dubawa su zo. Anti ta ce mini kunya kake ji su ga ginin ƙasa a gidanmu, wai za su ɗauka ba mu waye ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, don haka ka yi haƙuri ka saurari ƙanwarka.

Ka san abin da nake karantawa a nan ke nan, yadda gini zai yi sanyi ba tare da ya cinye wuta ba. Gidan da muke haya tsoho ne, bara na'urar sanyi kwana take tana ruri amma ɗaki kamar tanda. Mai gidan ya so sayo babba, malaminmu ya ce masa khalas, wato ya isa haka, ya bar na'ura tukuna, ya toshe tagogi, ya sa wa rufi abin tare zafi da farin fenti. Kuɗin wutarmu ya sauka sosai. Ran Asabar kuma muka shiga jirgin ƙasa zuwa Mushairib da 'yan ajinmu. Unguwa ce sabuwa fil da aka kashe dukiya a kanta, amma me aka yi? Bango mai kauri, lungu matsattse, inuwa ko'ina. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai, don wallahi unguwarmu ta da na gani an sa mata tayil. Da na nuna wa malamin hoton ɗakin Inna, da azararsa da kaurin bangonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce abin da suke nema da miliyoyi mu mun gada kyauta. Da tsohuwar zuma ake magani, Yaya.

Ɗakunan da ke bukatar gyara naka ne, na bulo da kwano, waɗanda ba a iya zama cikinsu da azahar. Can za a zuba kuɗin silin da tagogi. Na Inna yaɓe kawai yake so da makuba, a gyara indararo, a sa mata fanka ɗaya da ƙwan lantarki ɗaya. Na duba sharuɗɗan, babu inda aka ce sai ginin bulo. Kuɗin rushewa da sabon gini kuwa ya isa ƙarin batir biyu.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta maimakon in kira. Na yi waya da Inna ran Juma'a. Ta ce da ka gaya mata maganar rushe ɗakin, albarka ta sa maka, don ta san ƙauna ce ta sa ka, kuma ba za ta iya kashe maka gwiwa ba. Amma ta tuna mini kwana ukun da ta yi a ɗakin Anti lokacin da ake gyaran rufin nata ɗakin, yadda jininta ya hau har aka kai ta asibiti. Ta ce tun ranar da ka faɗa take ɗaure kayanta kaɗan-kaɗan tana kallon bango. Tausayinta ya kama ni. Ta roƙe ni kada in gaya maka, ga shi na gaya maka. In za ka yi fushi, yi da ni, ita kada ka nuna mata ka sani. Ka shiga kawai ka ce mata ta kwance kayanta.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da Anti Sahadatu da jaririya, da Kawu Hambali, da Gwaggo Indo da duk mutanen gida. Allah Ya bar zumunci, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Wasilatu